Jagorar Ƙara Busta da Raba Gundumomin Wuta a Ƙaramin Layin Dogo Mai Tsarin DCC

Masu sha'awar ƙaramin layin dogo, irin na kwaikwayo da ake shimfiɗawa a kan tebur ko a zagaye ɗaki da shi, kusan duk hanya ɗaya suke bi. Mutum zai fara da na'ura guda, waya biyu da kan jirgi ɗaya ko biyu, komai yana tafiya sumul. Kafin a ankara layi ya ci rabin ɗaki, kawunan jirgi sun kai goma, abokai sun fara zuwa tuƙi. Daga nan ƙorafi yake farawa. Jirgi ya kai ƙuryar ɗaki sai ya rage gudu. A kunna wuta, na'ura ta ɗauke tun kafin komai ya motsa. Tarago ɗaya ya goce a tashar kaya, jiragen kowa su tsaya cik.

Abin da yake fara faɗo wa mutum a rai shi ne wuta ta yi kaɗan, a sayo babbar busta. Sau da yawa ba nan gizo ke saƙa ba. Cututtuka uku ne masu kama da juna: ƙarancin wuta, siririyar waya, da rashin shinge tsakanin sassan layi. Busta ta farkon kaɗai take warkarwa, kuma idan aka ɗora ta a kan sauran biyun ba tare da an gyara su ba, ɓarna take ƙarawa. Don haka aikin yana da tsari: a auna tukuna, a gyara waya, a raba layi, sannan a ƙara busta idan lissafi ya nuna ana bukata.

Yadda wuta da umarni suke tafiya a waya ɗaya

Tsarin DCC ya samo asali ne daga kamfanin Lenz da ke Giessen a ƙasar Jamus, a ƙarshen shekarun 1980. Daga baya ƙungiyar NMRA ta Amurka ta mayar da shi ƙa'ida a farkon shekarun 1990, shi ya sa dikodar wani kamfani take jin umarnin na'urar wani kamfanin. A wannan tsari kullum akwai wuta a kan ƙarafan dogo, ko jirgi yana tafiya ko yana tsaye. Wutar tana juya fuska sau dubbai a daƙiƙa guda, kuma tsawon kowane juyi shi ne saƙon. Gajeren juyi na kashi 58 cikin miliyan na daƙiƙa yana nufin 1, mai tsawon kashi 100 ko fiye yana nufin 0. Dikodar da ke cikin kan jirgi tana karanta waɗannan lambobi, ta ɗauki umarnin da ke ɗauke da adireshinta, ta kuma ci daga wannan wutar don juya injin.

Na'urori biyu ne suke wannan aiki. Uwar na'ura ita ke tsara umarnin da ka danna a rimot, amma siginarta ba ta da ƙarfin motsa ko da kan jirgi ɗaya. Busta ita ke karɓar wannan siginar, ta haɗa ta da wutar adafta, ta zuba a kan dogo. Kayan masu farawa sun haɗa biyun a akwati ɗaya: Power Cab na NCE yana ba da kusan amfiya 2, Zephyr Express na Digitrax amfiya 3, z21 na Roco shi ma amfiya 3. Ke nan kana da busta ɗaya tun farko, wadda za ka saya ta biyu ce. Uwar na'ura kuwa guda ɗaya tak ake sa wa layi, komai girmansa.

Gunduma da unguwa

A wannan jagora, gunduma ita ce sashen layin da busta guda take ciyarwa. Unguwa kuma yanki ne a cikin gunduma wanda aka sa wa birekarsa ta kansa. Abin ya yi kama da wutar gari: ƙarin taransfoma yana ƙara yawan wutar da ake rabawa, amma birekar kowane gida ita ke hana matsalar gida ɗaya ta jefa maƙwabta cikin duhu. Mai layi matsakaici, wanda jirage uku ko huɗu ne suke tafiya a lokaci guda, birekoki yake bukata, ba busta ba.

Akwai kuma dalilin tsaro. Busta mai amfiya 5 a kan bolt 14 tana iya zuba wat 70, fiye da ƙarfen narka dalma mai wat 40 da ake gyaran rediyo da shi. Idan ƙafar jirgi ta haɗa ƙarafa biyu kuma busta ba ta ɗauke ba, wannan zafin yana bi ne ta siraran wayoyin da ke ɗebo wuta daga ƙafafu, ya narka su tare da robar da ke riƙe da su. Bustoci masu amfiya 8 ko 10 an yi su ne don manyan sikeli, wato jirage masu girma, irin O da G. Wanda zai sa irinsu a layin HO ko N wajibi ne kowace waya da ta fita ta bi ta bireka. Busta biyu masu amfiya 5 sun fi guda ɗaya mai amfiya 10 aminci a ƙananan sikeli.

Lissafi kafin saye

Ba tsawon layi ne yake cin wuta ba, abin da ke kan layin ne. Ɗauki takarda ka rubuta abin da zai kasance a kan dogo a ranar da aka fi cika. Ga kiyasin da masu wannan harka suke amfani da shi a sikelin HO, wato 1:87:

- Kan jirgi na zamani yana tafiya da kaya: kusan rabin amfiya.
- Tsohon kan jirgi mai injin da: zai iya kai amfiya 1.
- Kan jirgi mai sauti da yake tsaye: kusan kashi ɗaya cikin goma na amfiya.
- Tarago mai fitilun LED: kaɗan ne, amma mai tsoffin ƙwayaye yana cin ninkin haka sau da yawa.

A sikelin N, wato 1:160, kan jirgi yana cin kusan rabin na HO.

A ɗauka kana da layin HO a ɗaki mai mita 6 a tsaye da mita 4 a kwance. Kawuna takwas suna tafiya, amfiya 4 ke nan. Shida masu sauti suna tsaye a rumfar injuna, 0.6. Taragan fasinja goma masu fitila, a ce 0.3. Jimla 4.9. Ƙara kashi ɗaya cikin huɗu na ko-ta-kwana, ka tashi da kusan amfiya 6. Idan uwar na'urarka tana ba da 3, ƙarin busta mai amfiya 5 ya wadatar har da rara. Da lissafin ya tsaya a 2.5, da kuɗin bustar ya fi amfani a waya da birekoki.

Kiyasi ba ya kai awo. Mitar gwaji ta yau da kullum an yi ta ne don wutar gida mai juyi 50 ko 60 a daƙiƙa, ba ta karanta wutar DCC daidai. Akwai mitar da aka ƙera don wannan aiki, RRampMeter, wasu na'urori irin z21 kuma suna nuna amfiyar da ake ci a manhajarsu. In ba ka da ko ɗaya, auna amfiyar da ke shiga busta daga adafta, a ɓangaren wutar da ba ta juyawa. Adadin zai yi kusa da na gaskiya.

Zana iyakoki

Kafin ka taɓa zarto, zana taswirar layinka, ka shata unguwanni da biro mai launi. Ka'idar ita ce a raba bisa yadda ake aiki, ba bisa tsawo ba. Inda aka fi samun haɗuwar wuta, wato shot, shi ake fara killacewa. Tashar kaya ce kan gaba, domin a nan makarkatu, wato wuraren da dogo yake rabuwa biyu, suka fi yawa, kuma galibin shot yana faruwa ne idan direba ya shiga makarkatar da ba a juya masa ba. A misalinmu na sama rabon zai iya zama haka:

- Gunduma ta ɗaya, daga uwar na'ura mai amfiya 3: tashar kaya unguwa ɗaya, rumfar injuna unguwa ɗaya.
- Gunduma ta biyu, daga sabuwar busta mai amfiya 5: babban layi na zuwa, babban layi na dawowa, da ɓoyayyar ma'ajiyar jirage, kowanne unguwarsa daban.

Raba layin zuwa da na dawowa yana da daɗin aiki, domin jirgi ya goce a ɗaya, na ɗayan ya wuce abinsa. Sai dai duk inda makarkatu suka haɗa layukan biyu dole a yanke ƙarafa a tsakiyar mahaɗar.

Ware wa dikodojin makarkatu wayarsu daban wadda ba ta bi ta birekar dogo ba. Dalili a fili yake. Idan kan jirgi ya shiga makarkata a karkace ya jawo shot, maganin shi ne a juya makarkatar. In kuwa dikodarta tana cin wuta daga unguwar da ta ɗauke, ba za ta ji umarni ba, sai ka miƙa hannu ka janye jirgin. Layin saita dikoda kuma ya tsaya a ware, a haɗe da mafitarsa ta musamman a jikin uwar na'ura, kada wutar busta ta taɓa shi.

Uwar waya da 'ya'yanta

Ƙarafan dogo na zamani gaurayen jan ƙarfe ne da nikel da zinki. Ba sa saurin yin dattin da ke hana wuta wucewa, amma suna tauye wuta fiye da jan ƙarfe zalla sau goma da ɗoriya. 'Yan ƙarafan da ke haɗa dogo da dogo kuma suna saki da tsufa. Saboda haka ba a barin dogo ya yi jigilar wuta. A ƙarƙashin tebur ake jan waya biyu masu kauri su bi layin, su ne uwar waya, sannan a riƙa ɗaga 'yan siraran wayoyi daga jikinsu zuwa dogo.

Littattafan Amurka suna cewa lamba 14 ko 12 a ma'auninsu na AWG, wato kusan murabba'in milimita 2 da 3.3. A kasuwar da ake awo da milimita, waya mai 2.5 ita ce daidai. Ga abin da ya sa. Mita ɗaya ta waya mai 1.5 tana da turjiyar kusan om 0.0115. Idan nisan mita 10 ne, wuta za ta yi tafiyar mita 20 zuwa da dawowa, a kan amfiya 5 ka yi asarar bolt 1.15. Da waya mai 2.5 asarar ta sauko kusan 0.7. Ana so asarar ta tsaya ƙasa da bolt 1, in da hali rabin bolt. Wannan ne ya sa ake ajiye busta a tsakiyar gundumarta, waya ta fita dama da hagu, maimakon a jibge bustoci duka a kusurwa ɗaya.

'Ya'yan waya kuwa masu kaurin 0.3 zuwa 0.5 sun isa, muddin tsawonsu bai wuce santimita 30 ba. A like su da dalma a gefen waje ko a ƙasan dogo, duk bayan mita ɗaya zuwa biyu. Mafi inganci shi ne kowane sandan dogo ya sami nasa. Zaɓi launi biyu ka tsaya a kansu, misali ja ga ƙarfen da ke kusa da bango, baƙi ga na kusa da kai. Kowace unguwa da uwar wayarta, kuma a manna mata takarda mai suna a duk inda ta ratsa katako. Kankare bakin waya kafin ka biya kuɗi: idan cikinta fari ne, alminiyon ne aka shafa wa jan ƙarfe, turjiyarsa ta fi yawa, dalma kuma ba ta kama shi da kyau.

Idan uwar waya ta wuce mita 9 ko 10, juyin wutar DCC yakan haifar da tsalle-tsallen bolt da ke rikita dikoda. Magani biyu ne. A murɗa wayoyin biyu tare, kamar murɗi goma a kowace mita. A ƙarshen wayar kuma a haɗa rezista mai om 100, mai jure wat 1 ko fiye, a jere da kafasita mai maikirofarad 0.1, a gitta su tsakanin ja da baƙi. Rezistar takan yi ɗumi, haka aikinta yake.

Yanke giɓi

Iyakar gunduma ko unguwa giɓi ne a ƙarafan dogo biyun, ba ɗaya ba. Idan layin sabo ne, sa mahaɗin roba a maimakon na ƙarfe. Idan an riga an kafe shi, yanke da siririn zarto ko faifan yanka na ƙaramin injin hannu, ka sa tabarau saboda faifan yana fashewa. Tura ɗan yankin filastik a tsagar, ɗiga masa gam mai kamawa nan take, in ya bushe ka goge shi daidai da saman dogo. Kada a bar tsagar haka nan, domin ƙarfe yana miƙewa da zafi, katako yana motsi da sauyin yanayi, wata rana giɓin zai rufe da kansa ka rasa inda matsala take.

Zaɓi miƙaƙƙen wuri. A kwana ƙarfen da aka yanke yana so ya miƙe, bakinsa ya turo waje ya kayar da jirgi. Kauce wa inda jirage suke tsayawa, kada kan jirgi ya yini ƙafa ɗaya a wannan gunduma ɗaya a waccan. Bayan yanka, kashe komai, cire jirage, sa mita a ma'aunin turjiya ka tabbatar babu wata hanya tsakanin ɓangarorin biyu. Idan mita ta yi ƙara, akwai tsohuwar 'yar waya da ke haɗe da uwar wayar maƙwabta. Wannan shi ne kuskuren da aka fi yi wajen raba layin da ya daɗe.

Haɗa bustar

1. Ba ta adaftarta. Kowace busta da tata, mai bolt da amfiyar da littafinta ya faɗa. Kada a haɗa mafitar busta biyu a dogo ɗaya da nufin tara ƙarfinsu.

2. Kawo mata sigina daga uwar na'ura. Digitrax yana amfani da LocoNet, waya mai jijiya shida da kai irin na tarho. NCE yana da tasa wayar umarni mai jijiya huɗu. Lenz yana da tashoshi uku, C da D na sigina, E na kai rahoton shot. Roco yana da B-Bus. Mafi sauƙi shi ne ka tsaya a kamfanin uwar na'urarka. Mai Power Cab ya sani cewa idan ya sayi bustar SB5, ita ce take zama uwar na'ura mai amfiya 5, Power Cab ya koma rimot kawai.

3. Ja wayar tarayya. A tsarin Digitrax da NCE ana haɗa bustoci duka da waya guda mai kauri kamar uwar waya, a wurin da littafi ya nuna. Amfaninta yana bayyana ne lokacin da kan jirgi yake tsallaka iyaka: wuta takan fito daga wannan busta ta nemi hanyar komawa ta waccan. In babu wannan waya, sai jirgi ya yi tuntuɓe a giɓi, ko wutar ta bi siririyar wayar umarni ta ƙona ta. Wasu bustocin Turai an killace su ta ciki, ba sa bukatarta. Littafin na'urarka shi ne alƙali a nan.

4. Daidaita fuska. Kunna wuta, sa mita a ma'aunin wuta mai juyawa, ɗora tsinke ɗaya a ƙarfen jar waya kafin giɓi, ɗayan a ƙarfen jar waya bayan giɓi. Ya kamata ka ga sifili ko kusa da shi. Idan ka ga cikakken bolt na dogo, fuskokin sun saɓa, sai ka musanya wayoyi biyun da suka fita daga sabuwar busta. Gyara a bakin busta, ba a jikin 'ya'yan waya ba.

5. Daidaita bolt. An saba sa kusan 12 ga N, 14 zuwa 15 ga HO, 18 ko fiye ga manyan sikeli. Auna kowace gunduma da mita ɗaya. Ko mitar ba ta faɗi adadin gaskiya ba, kwatanci za ta yi daidai. Bambancin kada ya wuce rabin bolt, in ba haka ba jirgi zai riƙa zabura ko sanyi a iyaka, busta mai bolt sama kuma ta riƙa turo wuta cikin ɗayar ta ƙafafun jirgi.

6. Idan kana amfani da RailCom, tsarin da dikoda take mayar da bayani ga na'ura, to bustoci duka su kasance a kunne da shi ko duka a kashe. Yana aiki ne ta ɗan yanke wuta na ƙiftawar ido, kuma idan wata busta ta yanke wata ba ta yanke ba, ƙafar da ta haɗa iyaka za ta riƙa haddasa ƙaramin shot.

Saita birekoki

Birekar gida ko fis ɗin mota ba sa wannan aiki, sun yi nawa. Ana bukatar bireka ta lantarki da aka yi don DCC, irin PSX na DCC Specialties, EB1 na NCE, ko PM42 na Digitrax mai mafita huɗu. Tana zama tsakanin busta da uwar wayar unguwa. Sharaɗi biyu ne: ta ɗauke a amfiyar da ta gaza ta busta, kuma ta riga busta ɗaukewa. Idan busta ta riga ta, gunduma duka ta mutu, kuɗin bireka ya tafi a banza. A kan busta mai amfiya 5, saita unguwa tsakanin 2.5 da 4 gwargwadon abin da take ɗauka. Ba laifi jimlar birekoki ta zarce ƙarfin busta, tunda ba duka suke cika a lokaci guda ba. Na'urori masu ƙaramin ƙarfi suna saurin ɗaukewa, don haka duba ko birekar da za ka saya tana jituwa da su.

Rumfar injuna tana da matsalarta ta daban. Dikodoji masu sauti suna ɗauke da kafasitoci, kuma a daƙiƙar da aka kunna wuta dukansu suke zuƙa a tare, har bireka ta zaci shot ne. Ta ɗauke, ta dawo, ta sake ɗaukewa. Wasu birekoki an tsara su su gane wannan zuƙa. Hanya mai arha kuma ita ce a sa wa kowane layin ajiya makunninsa, a riƙa tayar da su ɗaya bayan ɗaya.

Akwai tsohuwar dabara ta sa ƙwan fitilar mota mai bolt 12 a jere da wayar unguwa. Idan an yi shot, ƙwan ya kama, ya taƙaita wuta a kusan amfiya 2. Yana hana sauran layi mutuwa, amma ba ya yanke wutar. Amfiya 2 tana ci gaba da bi ta ƙafar jirgin har sai wani ya lura, kuma ƙwan kansa yana zafin da zai iya babbaka katako. Bireka ta fi.

Layin juyawa

Duk inda jirgi zai iya shiga ya fito yana fuskantar inda ya baro, kamar kewayen juyawa ko mahaɗa mai kusurwa uku, ƙarfen jar waya yana komawa ya haɗu da na baƙar waya. Ana killace sashen da giɓi biyu a kowane ƙarshe, a ciyar da shi ta na'urar juya fuska, irin AR1 na Digitrax, PSX-AR, ko LK200 na Lenz. Da ƙafa ta haɗa giɓin da ya saɓa, na'urar ta musanya fuska kafin bireka ta farga. Jirgi ba ya jin komai, domin a DCC dikoda ce take zaɓar gaba ko baya, ba fuskar dogo ba. Sashen ya fi jirginka mafi tsawo tsayi, in dai taragansa masu ƙafafun ƙarfe ne ko masu fitila. In ya gaza, kai yana fita wutsiya tana shiga, giɓi biyu sun haɗu a lokaci ɗaya. Kada kuma a jera sassan juyawa biyu suna taɓa juna, za su yi ta musayar fuska ba ƙarewa.

Gwajin kwabo

Wannan gwaji shi ke tabbatar da aikin duka. Kunna wuta, ɗauki kwabo ko bakin sukundireba, gitta shi a kan ƙarafa biyu. Birekar wannan unguwa ta ɗauke nan take, sauran unguwanni su ci gaba da aiki. Bi layin kaf, taku bayan taku, musamman ƙarshen rassa, tsakiyar makarkatu, da wuri mafi nisa daga busta. Kada ka danna da ƙarfi, domin ƙafar jirgin da ta goce ba dannawa take yi ba.

Inda kwabo ya yi tartsatsi amma bireka ta yi shiru, wurin yana da haɗari. Turjiyar waya ta yi yawa har wutar shot ba ta kai adadin da zai kayar da bireka ba. Ƙara 'ya'yan waya a wurin, duba dalmar da ba ta kama ba, ko ka sauya uwar waya da mai kauri. Kada jirgi ya hau wannan sashe sai ya ci gwajin.

Wutar gida, zafi da ƙura

Kayan nan daga Amurka, Jamus, Ingila da Japan ake sayo su. Wanda zai kunna su a Kano ko Yamai ya karanta jikin adafta tukuna. Wutarmu bolt 220 zuwa 230 ce, ta Amurka 120. Adaftocin zamani da yawa an rubuta musu 100 zuwa 240, suna ɗaukar kowacce, amma tsoffin taransfomomin Amurka za su ƙone. Haɗa adaftoci duka a soket ɗaya mai makunni da kariyar hawan wuta, don komai ya tashi tare ya mutu tare. Kashe shi kafin a sauya daga wutar gari zuwa janareta. Busta tana da kariyar zafi da ke kashe ta, kuma a bazara za ta kai wannan iyaka da wuri, saboda haka a ajiye ta inda iska ke ratsawa, in ta kama a sa mata 'yar fanka. Ƙurar hunturu kuwa tana kwanciya a kan dogo ta sa jirgi tsayawa, abin ya yi kama da matsalar wuta. Goge dogo da ƙafafu kafin ka zargi busta.

In matsala ta ɓullo

- Jirgi yana jawo shot daidai kan iyaka: fuska ta saɓa.
- Yana tuntuɓe a iyaka ba tare da shot ba: duba wayar tarayya.
- Gudu yana sauyawa bayan iyaka: bolt bai daidaita ba.
- Shot a unguwa ɗaya yana kayar da biyu: giɓi ya rufe, ko wata 'yar waya ta tsallaka.
- Busta tana riga bireka ɗaukewa: rage amfiyar bireka ko lokacin jiranta.
- Jirgi yana ƙin jin umarni a nesa: murɗa uwar waya, sa rezista da kafasita a ƙarshenta.

Yi aikin unguwa ɗaya bayan ɗaya: yanke, haɗa, gwada da kwabo, tura jirgi ya tsallaka iyaka gaba da baya, sannan ka matsa gaba. Ta haka duk matsalar da ta taso ka san tana cikin aikin da ka gama yanzu. In an kammala, rubuta a taswira inda kowane giɓi yake, launin wayar kowace unguwa, da amfiyar da aka saita kowace bireka, ka manna kwafi a ƙarƙashin tebur kusa da busta. Ranar da za ka ƙara reshe ko busta ta uku, daga wannan takarda za ka fara lissafi.